Zango Shida na Kawu

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwar rasuwar Kawu a ɗakinsa na unguwar Hor Al Anz a Dubai, kuma a kwana ukun nan ban ga mutum biyar sun zauna tare ba. Lokacin annoba ne, an hana taro. Sai mutum ya hawo bene da takunkumi a fuska, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya ce mana ya haƙuri, ya juya don ya ba na bayansa wuri. 'Yan kasuwar Murshid Bazaar sun zo, Kanawa da Maraɗawa da mutanen Damagaram. Wani ɗan dako mutumin Pakistan, ƙato da shi, ya zo ya durƙusa a kan matakala yana kuka, ba ma jin yarensa, ba ya jin namu. Mai kantin magani na ƙasan bene, wata 'yar Filifin, ta aiko da katan ɗin ruwa. Daga Maraɗi kuwa waya ba ta huta ba. Babbar 'yarsa, wadda nake kira Yaya, in ta kira ba ta iya magana, sai dai mu yi shiru tare har ta kashe.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne kusan kowa, bayan ya gama addu'a, sai ya rage murya ya yi tambaya ɗaya. "Ya samu ya yi tafiyar tasa kuwa?" Har ɗan dakon nan, da ya share hawaye, ya nuna bayansa kamar mai goyon jaka, ya ɗaga mini gira. Ni kuma amsa ɗaya nake bayarwa, cewa Allah bai nufa ba. Gaskiya ce, amma ba duka ba ce. Duk lokacin da na faɗa, aminin Kawu da ke zaune a gefena yakan sunkuyar da kai ya dubi tafin hannunsa. Shi ya san ragowar, ni ma na sani. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada a manta da tsohon nan, kuma don kada in ci gaba da ɓuya a bayan wannan amsar.

Kawu yayan mahaifiyata ne. A wani ƙauye kusa da Maraɗi aka haife su, ita aure ya kai ta Katsina, can ta haife ni. Shi ya yi lakkol, wato makarantar boko ta can Nijar, ya iya Faransanci har yana gyara wa wasu, amma Turancin Ingilishi iyakarsa na ciniki. Shi ya kawo ni Dubai, ya riƙe ni har na samu aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki, na koma Al Karama da zama. Tun daga ranar bai ƙara kiran sunana ba, sai Injiniya, kuma yadda yake jan kalmar kowa ya san tsokana ce.

Sana'arsa ɗaurin kaya. Shekara ashirin da 'yan kai yana Murshid Bazaar yana ɗaure wa 'yan kasuwa da matafiya kayan da za a aika gida. Gajere ne siriri, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, da 'yar wuƙa a rataye a wuya, da naɗin salatif a hannu kamar munduwa. Hannunsa ya fi sikeli saurin magana. Duk abin da aka miƙa masa sai ya ɗaga ya faɗi nauyinsa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Ranar sunan ɗana na fari aka ba shi jaririn ya sa albarka, ya karɓa, ya ɗan jinjina shi, ya ce, "Kilo huɗu ba kaɗan. Allah ya raya." Matata har yau in ta tuna sai ta yi dariya, yanzu kuma dariyar takan ƙare da hawaye.

Abu ɗaya ne Kawu ba ya iya gani ya yi shiru, shi ne fili a cikin kwali. A wurinsa wurin da aka bari fanko asara ce da raini ga sana'a. Yakan cusa safa cikin takalmi, ya cusa turare cikin safa, ya cika cikin tukunya da 'yan kunne da sabulu. Akwai wata baiwar Allah 'yar aikin gida da aka sallama ba shiri, ta zo da kayan shekara huɗu, jirginta da yamma, kaya sun fi kilo. Ta zauna a ƙasa tana kuka, ta rasa wanda za ta bari tsakanin kan keken ɗinkinta da tufafin 'ya'yanta. Kawu ya sallami masu jiransa, ya zazzage komai, ya yar da kwalaye da ledoji, ya kwance ƙarfen da ba dole ba a jikin keken, ya sa ta saka abaya uku a jikinta ta riƙe bargo a hannu. Awa biyu ya yi. Ba abin da aka bari, kuma da ta miƙo masa ladan aiki ya ce ta sayi ruwa a hanya, don da abaya uku za ta bukace shi. Da ta ji rasuwarsa ta turo saƙon murya daga Gombe, ta ce da keken nan take ci da yaranta har yau.

Littafin ma ta hanyar kilo ya shigo rayuwarmu. A shekarar 2016 wani malamin makaranta Bature da zai koma ƙasarsu ya kawo kaya, suka ɗara da kaɗan, ya zaro wani ɗan littafi mai koriyar fata ya ajiye a kan tebur ya tafi. Kawu ya adana shi wata biyar ko mai shi zai aiko. Da bai aiko ba, wata rana da kasuwa ta yi sanyi ya buɗe. Littafin jagora ne na masu tafiya a ƙasa cikin duwatsun da ke gabas da mu, can wajen Hatta. Hanya ce ta kwana shida, an raba ta zango-zango, kowane zango da taswirarsa da hotuna, da bayanin inda ake samun ruwa da inda ake kwana.

Wata Juma'a bayan mun sauko daga masallaci ya ajiye mini shi kusa da kwanon shinkafa. "Injiniya, mi ya ce nan?"

Na karanta masa shafi biyu ina fassarawa, ina jiran ya gaji. Bai gaji ba. Ya ce in sake daga farko.

Na ce, "Kawu, wannan fa na Turawa ne da suka ƙoshi, suke neman wahala da kuɗinsu."

Ya ce, "Bon. Ubana da ƙafa yake zuwa Kano daga garinmu, ya dawo da ƙafa, kuma bai ƙoshi ba. Ina da shekara tara na bi shi sau ɗaya. Tun da na zo garin ga ban taka ƙasa ba, sai siminti. Na aika kaya Yamai, na aika Kumasi, na aika Kano, ni kuwa ina tsaye wuri guda. Karanta mini zango na biyu."

Daga nan Juma'a ta zama ranar littafi. Ni in karanta, shi ya rubuta a kayensa, wato ɗan littafin rubutunsa, da Faransanci, amininsa kuma yana kwance a kan gado yana jefo magana. Aminin nan mutumin Pankshin ne, Kirista, ma'aikacin lantarki, shekara goma sha ɗaya suna ɗaki ɗaya da Kawu. Kawu na kiransa Fasto ko da yake bai taɓa hawa mumbari ba, ni kuma ina ce masa Baba Fasto. Shi yake tashin Kawu sahur, Kawu kuma shi yake goge masa rigar zuwa coci, yana mita cewa mutum ya tsufa bai iya guga ba. Baba Fasto ya ce shi a cikin duwatsu aka haife shi, ya gudo daga hawansu ne, ba zai biya kuɗin mota ya je neman wasu ba. Amma shi ya fara sayo wa Kawu takalmin hawa dutse.

Sai aka zo kan jaka. Littafin ya yi babi guda a kan cewa mai tafiya ya rage kaya iyakar iyawarsa, har ya ce a bar duk abin da ake shakkar amfaninsa. Kawu ya saurara da ladabi, ya gyaɗa kai, ya je ya sayi jakar goyo mafi girma a kasuwa. Bayan mako guda ya kira ni in zo in gani. Na tarar da ita a kan sikelin shago, an naɗe ta da leda an zagaye da salatif ta ko'ina, ta yi sumul, ba ta da maɗauri ko ɗaya a waje. Kilo ashirin da uku cif, daidai abin da jirgi ke ba matafiyi.

Na ce, "Kawu, ta ina za ka goya ta?"

Ya tsaya yana kallonta. Ya naɗe hannayen jakar a ciki, don a sana'arsu duk abin da ya leƙo waje injin filin jirgi yana iya fizge shi. Baba Fasto ya yi dariya har sai da ya zauna a kan wata dila.

Da aka yanke salatif muka ga abin da ke ciki. Butar shayi da kofuna shida, don ba a san wa za a tarar a hanya ba. Butar alwala, darduma, bargo biyu, rediyo, kilishi, dabino, cuku, garin ƙuli-ƙuli, tocila uku, igiya, guduma. A cikin buta akwai sukari, a cikin kofuna akwai ashana. Na ce masa littafi ya ce a rage. Ya ce mai littafin bai san ɗaurin kaya ba, in an ba mutum ashirin da uku ya tafi da sha biyu, ya bar wa wa sauran? Na ce a dutse ba wanda ya ba shi ashirin da uku, bayansa ne zai biya. Ya ce bayansa bai yi ƙorafi ba tukuna.

Da wannan jakar ya fara gwaji. Kullum da safe sai ya goya ta ya taka daga Hor Al Anz har Murshid Bazaar, ya ƙi bas, ya ƙi jirgin ƙasa. A bene ya daina shiga lif. Makon farko mutum uku suka kira ni a asirce suna tambaya ko bizar Kawu ce ta ƙare, ko mai gida ne ya kore shi. Wani Balarabe mai shago ya tare shi ya ce, "Habibi, in wurin kwana ne akwai sito a baya." Kawu ya gode masa, ya zaro littafin ya nuna masa taswira. Kafin shekara ta zagayo duk layin ya san zango shida, har 'yan dako in sun hango shi sai su ce, "Yalla, zango na nawa yau?" Shi kuma ya amsa, "Shwaiya-shwaiya," wato sannu-sannu.

Kuma ya yi ƙarfi, wannan ba zan ɓoye ba. Tumbin da ya fara ajiyewa ya tafi. Hawa tara yake yi da kaya a baya bai tsaya ba, ni da nake sa'an 'ya'yansa ina hawa na biyar nake neman bango. Ya haddace hanyar kaf. Yakan rufe ido ya ce, daga ƙauyen farko a bi kwarin har wata bishiya, daga nan a hau dama zuwa mashigar dutse, bayanta sai gangare. A ƙarshen 2018 komai ya kammala. Duwatsun nan ba a shigarsu sai da sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, in ba haka ba zafi ya kashe mutum. Muka sa Disamba. Ni zan raka shi, Baba Fasto zai kai mu da mota ya dawo ya ɗauke mu.

Saura mako uku Yaya ta kira ni daga Maraɗi. Ta ce zuwansa gida na ƙarshe ta kai shi likita, an ce zuciyarsa ta fara kumbura, an ba shi magani, ya hana ta gaya wa kowa. Ta ce, "Kai ne a kusa da shi. In Baba ya faɗi a cikin dutse ba zan yafe maka ba. Ka hana shi ta kowace hanya." Na ce in na yi masa maganar zai san ita ta faɗa. Ta ce to kada in yi masa maganar, in dai hana shi.

Ba zan ɗora mata laifi ba. Ita cewa ta yi in hana shi, hanyar kuwa ni na zaɓa. Juma'ar da ta biyo baya muna bitar zango na biyu, Baba Fasto ya tafi aiki. Na kai ƙarshen shafin, inda akwai wani ɗan rubutu a cikin akwati, na sa yatsa a kai, na karanta abin da babu shi. Na ce littafi ya yi gargaɗi cewa duk shekarar da aka yi ruwa a watan Nuwamba, ambaliya takan cinye hanyar, kuma hukuma takan rufe ta har baɗi. An kuwa yi ɗan ruwa a makon. Muryata ko rawa ba ta yi ba, abin da har yau yake ba ni kunya ke nan.

Kawu ya cire tabarau ya goge. "Da ba ka karanta mini wanga wuri ba."

Na ce na tsallake shi ne, ban zaci zai shafe mu ba.

Ya rubuta wani abu a kayensa ya rufe. "D'accord. Allah ya kai mu baɗi." Ya tashi ya buɗe jakar ya fitar da kilishin da cukun ya ce in kai wa yara, kada su lalace. Na karɓa na kai musu, suka cinye.

Wata bakwai ƙaryar ta yi tana tsaye. Da zafi ya kai zafi, aiki ya yi mini yawa, na yi Juma'a biyu ban je ba. Kawu ya miƙa wa Baba Fasto littafin ya ce ya duba masa ko akwai lambar da za a kira a tambayi hukuma labarin hanya. Baba Fasto ya karanta akwatin ya ce ba maganar ambaliya a nan, cewa aka yi a gaishe da mutanen ƙauye kuma kada a ɗauki hoton mata. Ya duba gaba, ya duba baya, bai samu ba. Ya gaya mini daga baya cewa da ya san abin da ke ƙasa, da ya ce tabaransa ya ɓata.

Da na zo, Kawu bai amsa gaisuwata da tsokana ba. Ya buɗe shafin ya tura mini. "Karanta mini nan."

Na karanta abin da ke rubuce.

Ya ce, "Wa ya sa ka?"

Na ce ba kowa. Ya ce ya san wadda ta sa ni, kuma ita tana da hujja, ubanta ne. "Kai kuwa, da ka zo ka ce, Kawu, ina tsoron ka mutu, da na saurare ka. Wataƙila in ji, wataƙila in ƙi, amma da ni na yanke. Idonka na ara, don nawa bai iya wanga rubutu. Shekara biyu ina rubuta duk abin da ka ce. Yanzu ban san wanne ne na littafi, wanne ne naka ba."

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauke littafin ya sa a ƙarƙashin matashinsa, ya ce in gaida mutanen gida.

Mako bakwai bai neme ni ba, in na kira sai ya amsa sallama ya ce yana da mutane. A watan Agusta na'urar ɗakinsu ta mutu. Kawu ya ce ko za su narke ba za a kira ni ba, suka kwana biyu da fanka. Rana ta uku Baba Fasto ya bugo mini ya ce, "Kai yaro, zo ka gyara abin nan. Faɗanku naku ne, ni ban yi wa kowa ƙarya ba da za a gasa ni." Na zo na hau kujera na yi aikina, Kawu na zaune ya juya mini baya. Da iska mai sanyi ta fara saukowa na tattara kayan aiki zan fita, sai ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Injiniya, akwai wata jaka a bayan ƙofa. Gwada ta." Sabuwa ce, daidai bayana. Tun kafin ya gano ƙaryar ya saye ta, kuma bai mayar ba. Na tsaya da ita a hannu na ce Kawu ka yafe mini. Ya ce, "Khalas, ya wuce. Juma'a ka zo da wuri, za mu sake karatu daga shafin farko, Fasto yana duba ka."

Haka kuwa aka yi. Na sake karanta littafin kaf, Baba Fasto na leƙe ta kafaɗata kamar mai gadin jarrabawa. Muka sa Disamba ta 2019. Kwana goma kafin ranar, numfashi ya sarƙe wa Kawu a kan matakala, aka kwantar da shi asibiti, likita ya ce hutun wata uku. Wata ukun na cika annoba ta shigo, aka kulle gari. A cikin kullen bai daina goyon jaka ba, a matakalar bene yake hawa da sauka. Baba Fasto ne yake ba ni rahoto ta waya. Da farko hawa shida, daga baya huɗu, daga baya biyu ya zauna ya huta. Duk rahoton da ya zo sai in tuna mutumin da ke yin tara bai tsaya ba, a shekarar da na hana shi.

A Janairun 2021 ya kira ni ya ce kwana shida kam ya wuce, amma yana son ya taka farkon hanyar, ko na yini ɗaya. Wannan karon da kansa ya kira Yaya ya gaya mata, ina zaune. Ta yi kuka, ya jira ta gama, ya ce ya ji, kuma zai tafi. Ana gobe tafiya na same shi a shago da la'asar ya ɗora jakar a sikeli yana fitar da kaya ɗaya bayan ɗaya. Guduma ta fita, rediyo ya fita, barguna suka fita, kofuna suka koma uku. Kowane abu sai ya juya shi a hannu kafin ya ajiye. Da allura ta tsaya a kilo biyar ya dubi jakar ta lotsa, ya ce tun da yake bai taɓa sallamar kaya a haka ba, kada in gaya wa 'yan layi.

Muka isa ƙauyen farko da hantsi, mu uku, don Baba Fasto ya ce ba zai zauna gadin mota ba. Kawu ya gaishe da wani tsoho da ke bakin gonar dabino kamar yadda littafi ya ce, sannan ya sa ƙafa a kan tsakuwa ya tsaya. Ya ɗan murza takalminsa a ƙasa yana jin ƙarar.

Shi ya shige gaba, kuma bai buɗe littafin ko sau ɗaya ba. Ya san inda kwarin zai karkata, ya san inda za a ga tsohuwar hanyar ruwa da aka gina da dutse. Yakan yi taku kamar hamsin ya tsaya ya dogara da sanda, ya yi kamar yana duba wani abu a nesa, mu ma mu yi kamar muna dubawa. Abin da littafi ya ce tafiyar minti arba'in ce, awa biyu muka yi. Da muka kai bishiyar ya ɗaga kai ya dube ta, ya yi dariya. "Ashe kurna ce. Shekara huɗu ina rubuta sunanta da Turanci, ashe kurnar ƙofar gidanmu ce." Ya tsinci 'ya'yan biyu a ƙasa ya goge a riga ya ci.

Daga nan hanya ta haura dama zuwa mashigar dutsen. Ya dube ta, ya sauke jakar, ya zauna ya jingina da gindin kurnar. Leɓɓansa sun yi duhu. Baba Fasto ya hura wuta ya ɗora shayi ba tare da an ce masa ba.

Kawu ya ce, "Nan ne nawa. Injiniya, kai hau. Ka duba mini abin da ke bayan dutsen ga, ka dawo ka gaya mini. Abin da ka gani za ka faɗa."

Na hau. Hanya ce mai tsakuwa, tana da tsayi amma ba ta da mugun wuri, kafin awa guda na kai sama. A can na daɗe a tsaye ina shirya abin da zan ce. Raina ya so in kai masa wani abu mai kyau, in ce na hango teku, ko korama mai gudu. Na sauko na zauna a gabansa na ce, akwai gangare mai sauƙi, da wani kwari busasshe, da kangon ɗaki na dutse ba rufi. Akwai awaki uku. Can nesa akwai turakun lantarki, kuma wani ya yar da robar ruwa a bakin hanya. Bayan wannan sai wani dutsen, ya fi wannan girma.

Ya rufe ido yana gyaɗa kai, kamar yana jera su a kwali. Ya tambayi launin awakin, na gaya masa. Sannan ya buɗe ido ya dube ni.

"Waccan shekarar, da ƙarfin da nake da shi lokacin. Da na iya?"

Baba Fasto ya daina juya cokali. Na san amsar da za ta sauƙaƙa mini, in ce hanyar ta fi ƙarfin kowa, ko in ce Allah kaɗai ya sani. Yana kallona, yana jira.

Na ce, "Da ka iya, Kawu. Da ka hau shi ba ka tsaya ba."

Ni kuka nake yi, ban ma ɓoye ba. Can ya sauke numfashi, ya miƙo hannu ya dafa gwiwata.

"Madalla. Ashe ba wauta na yi ba." Ya juya wajen amininsa. "Fasto, zuba wa yaron ga shayi, ya yi tahiya."

Wata bakwai bayan nan ya rasu, a kan gadonsa, ranar wata Talata da safe, Baba Fasto na riƙe da hannunsa. A nan Dubai muka binne shi. Ya Allah, bawanka ne, ya zo maka da ɗan guzurinsa. Ka yalwata masa makwanci, ka sauƙaƙa masa ragowar hanya, ka gafarta masa. Ni ma da na tare masa tasa, ka gafarta mini.